Takardun da Hayyim Vital ya kulle a akwati, da yadda suka fita

A shekarar 1577 wani maɗaba'i mai suna Eliezer Ashkenazi ya kafa injin buga littattafan Ibrananci a Safad, wani gari da ke kan duwatsun Galili, lokacin yankin yana hannun sarakunan Turkawa na Istanbul. Garin cike yake da malamai, kuma sun san amfanin ɗab'i sarai. A nan Yusuf Karo ya wallafa Shulhan Aruk, littafin hukunce-hukuncen da Yahudawa ke komawa gare shi har gobe, aka buga shi a Venice a 1565. Amma karatun da ya fi kowanne sauya ibadar Yahudawa cikin duk abin da ya fito daga Safad, wato koyarwar Ishaƙ Luria, bai ko kusanci injin nan ba. Babban littafin da ya tattara ta, Etz Hayyim, sai a 1782 ya shiga maɗaba'a, a garin Korets da ke Yukren ta yau, shekara 210 bayan rasuwar malamin. Duk tsawon wannan lokaci alƙalami da tawada ne suka riƙe mafi yawan karatun, kuma da gangan aka yi hakan.

An haifi Luria a Ƙudus a 1534, ya tashi a Masar a gidan kawunsa, wani attajiri mai kwangilar karɓar haraji. Ya yi fatauci, har an samu takardun cinikinsa a cikin tarin tsofaffin rubuce-rubucen Yahudawan Alƙahira. Mabiyansa suna cewa ya yi shekaru yana halwa a bakin kogin Nilu yana nazarin Zohar, uwar littattafan Kabbala, wato ilimin baɗini na Yahudawa. Ya iso Safad wajen 1570, ya zauna gaban babban malamin Kabbala Musa Cordovero na ɗan lokaci kafin shi Cordovero ya rasu a wannan shekarar, sannan almajirai suka taru a kansa. A 1572 annoba ta ɗauke shi yana da shekara 38. Zamansa a garin bai cika shekara uku ba, kuma abin da ya rubuta da hannunsa ɗan kaɗan ne: sharhi a kan wani yanki na Zohar, 'yan bayanai, da waƙoƙi uku na cin abincin ranar Asabar waɗanda har yau ake rerawa. An ruwaito cewa da aka tambaye shi dalili, ya ce in ya buɗe baki sai ya ji kamar teku ce ta ɓalle, bai san ta inda zai tare ta ya zuba a takarda ba.

Wanda ya zuba ta shi ne Hayyim Vital. Ɗan Safad ne, an haife shi a 1542, mahaifinsa kuma marubuci ne da ya yi suna wajen rubuta ayoyin da ake sakawa cikin ƙananan akwatunan fata waɗanda Yahudawa ke ɗaurawa a hannu da goshi lokacin addu'ar safe. Sana'a ce wadda harafi ɗaya in ya karkace an yi asarar aikin duka, kuma a wannan gida Vital ya koyi riƙon alƙalami. Ƙasa da shekara biyu ya yi tare da Luria. Ya rayu bayansa shekara 48, mafi yawansu yana rubuta abin da ya ji a cikin waɗancan watanni, yana sake rubutawa, yana gogewa.

Sai an san irin karatun kafin a gane abin da ya sa ya yi ta fama haka. A faɗar Luria, kafin halitta hasken Ubangiji marar iyaka ya cika ko'ina, don haka sai da ya janye kansa ya bar fili, abin da suke kira tzimtzum. Daga nan haske ya zubo cikin mazubai goma, na ƙasa suka kasa ɗauka suka farfashe, tartsatsin hasken suka faɗo suka maƙale a cikin duniyar nan. Aikin mumini shi ne ya tattaro su ya mayar, ta hanyar kiyaye dokoki da yin addu'a da niyya ta musamman. Nan ne wahalar take. Kusan kowace kalma a addu'ar yau da kullum tana da niyyarta, wadda ta ƙunshi haɗa haruffan sunayen Ubangiji bisa wani tsari da lissafi. Ga mai wannan aƙida, mai juyin littafi da ya tsallake layi ɗaya ya lalata wa wani ibadarsa, kuma a ganinsu ɓarnar tana iya kaiwa har sama. Ko mutum bai yarda da ko kalma ɗaya daga cikin wannan ba, zai fahimci cewa tsoron Vital na gaske ne.

Sai dai tsoro ba shi kaɗai ba ne a zuciyarsa. Luria yana da wasu almajirai masu rubutu, irin su Yusuf ibn Tabul, mutumin Magrib, da Musa Yonah. Vital ya dage cewa shi kaɗai ne malamin ya ba amanar karatun, ya yi ƙoƙarin karɓe takardun sauran, ya kuma gargaɗi mutane kada su dogara da abin da wani ya rubuta. A 1575 wasu daga cikin almajiran suka sa hannu a wata takardar alkawari, wadda nassinta ya iso gare mu, cewa za su ɗauki karatu daga bakin Vital, ba za su matsa masa ya faɗi abin da bai so faɗa ba, kuma ba za su fitar da asirin ga kowa ba. Halƙar ba ta daɗe ba, domin a 1577 ya koma Ƙudus. Amma manufar a fili take: riwaya ɗaya, a hannun mutum ɗaya, cikin akwati mai makulli.

Akwatin bai tsira ba. Labarin da ya shahara ya zo ne ta wasiƙun Shlomel Dresnitz, wani mutumin Moravia da ya iso Safad a 1602 yana rubuta wa mutanen gida abin da yake ji, aka buga su a Basel a 1629. Ya ce bayan Vital ya dawo Safad ya kwanta rashin lafiya mai tsanani, sai wani mai hali, Yusha'u bin Nun, takwaran magajin Annabi Musa, ya ba ƙanin Vital zinariya ya fito masa da takardun. Ya ɗauki marubuta 100, suka juye warƙa 600 cikin kwana uku, aka mayar da su inda suke. Alƙaluman sun cika santsi, irin na labarin da ya sha baki, kuma Dresnitz bai ga abin da idonsa ba. Amma in aka ɗauke su yadda suke, lissafin yana da ban sha'awa. Warƙa shida ce ta faɗo wa kowane marubuci, biyu a wuni, wanda ba gaggawa ba ce ga gwani. Matsalar tana wani wurin. Kowannensu ya karɓi tsakiyar magana, bai ga farkonta ba bai ga ƙarshenta ba, a fannin da kalmominsa baƙi ne gare shi, cike da taƙaitattun haruffa da mai su kaɗai ya san abin da yake nufi. Sannan wani ya zo ya jera warƙoƙin bisa tsarin da ya ga ya dace. Abin da aka juya ɗin ma zubin farko ne, wanda Vital bai gama da shi ba.

Daga waɗannan kwafe-kwafe karatun ya fara yawo. A shekarun 1590 wani mai suna Israel Sarug ya bayyana a Italiya yana koyar da Kabbalar Luria, yana cewa daga bakin malamin ya ji. Ya samu manyan almajirai, ciki har da Menahem Azariah na Fano, babban malamin Kabbala na Italiya a zamaninsa. Riwayar Sarug tana ɗauke da abubuwan da babu su a ta Vital, musamman bayani mai tsawo a kan wata "riga" da aka saƙa da haruffa tun kafin janyewar hasken. Ita ce ta riga shiga Turai, kuma ita ce ginshiƙin Emek ha-Melek na Naftali Bacharach da aka buga a Amsterdam a 1648. Haka kuma wani bayani na Ibn Tabul, wanda masana da yawa ke ganin ya fi na Vital fitar da ma'anar tzimtzum, ya daɗe yana yawo, daga ƙarshe aka buga shi da sunan Vital, mutumin da ya so a manta da shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da Vital ya saki zubi ɗaya da ya yarda da shi tun yana raye, da akwai ma'aunin da za a gwada sauran da shi. Da ya hana, sai kowane mai takarda a hannu ya zama hujja.

Shi kansa bai tsaya a zubi ɗaya ba. A zamansa na Ƙudus ya sake rubuta karatun daga tushe, da tsari daban, wani wurin ma da matsaya daban. Waɗannan takardu na baya bai ba ɗansa su ba. Ya sa su a geniza, wato ma'ajiyar da Yahudawa ke zuba duk rubutun da ke ɗauke da sunan Ubangiji in an daina amfani da shi, kafin a binne shi a maƙabarta, tun da ba ya halatta a yar ko a ƙona. Ya ƙare rayuwarsa a Dimashƙu, inda ya rasu a 1620. Su kuwa takardun an tono su, suka shiga hannun Ibrahim Azulai, mutumin Fas da ya zauna a Hebron, da Yaƙub Zemah, likita ɗan Fotugal daga zuriyar Yahudawan da aka tilasta wa shiga Kiristanci, wanda ya dawo addinin kakanninsa da girmansa. Masu ba da labari sun ƙawata abin, suka ce sai da aka nemi izinin mamacin a mafarki. Ko ba komai wannan ƙari yana nuna cewa su ma sun san akwai abin tambaya: mutum ya binne rubutunsa da hannunsa, shin ajiya ya yi ko janyewa?

Zemah ya ɗauka ajiya ce, har ya fifita zubin baya a kan na farko, ya fitar da littattafai daga cikinsa, irin su Otzrot Hayyim da Adam Yashar. A Dimashƙu kuma Samuel, ɗan Vital da aka haifa a 1598, yana riƙe da zubin farko na hannun mahaifinsa, kuma a tsakiyar ƙarni na 17 ya tsara shi ya zama abin da ake kira Ƙofofi Takwas: ƙofar gabatarwa, ta niyyoyin addu'a, ta dokoki, ta fassarar ayoyi, ta sake dawowar rayuka, da sauransu. Sai almajirin Zemah, Meir Poppers, ya ga mai karatu ba zai iya da wannan warwatsuwa ba, ya ɗauki na farko da na baya ya saƙa su wuri ɗaya bisa maudu'i. Aikinsa ne Etz Hayyim mai ƙofa 50 da ake karantawa a yau.

A nan ne, a ganina, babbar asarar ta auku, kuma masu kyakkyawar niyya ne suka jawo ta. Tun farko Vital ya jera takardunsa ne bisa inda magana ta fito. Ya ware ƙofa guda ga abin da ya samu da rubutun hannun Luria kansa. Ya ware abin da ya ji da kunnensa. Ya ware abin da abokan karatu suka gaya masa da sunan malam, yana ambaton wanda ya faɗa. A wurare da dama yakan rubuta cewa yana shakkar ko haka ya ji, ko ya manta ƙarshen maganar, ko kuma wannan fahimtarsa ce ba faɗar malam ba. Wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya san girman tazarar da ke tsakanin "na ji" da "an ba ni labari", kuma Vital ya san ta. Samuel ya rushe ƙofar farko, ya rarraba abin da ke cikinta a sauran ƙofofin, kowace magana kusa da 'yar'uwarta. Littafin ya yi daɗin karatu. Poppers ya ƙara gaba, ya haɗa abin da aka rubuta a Safad da wanda aka rubuta shekaru bayan haka a Ƙudus a babi ɗaya.

A yi wa Poppers adalci, bai ɓoye ba. Wanda ya buɗe Etz Hayyim bugagge zai ga a kan sakin layi an sa haruffa biyu ƙanana da ke nuna daga wane zubi aka ɗauko shi, na farko, na biyu ko na ƙarshe, kuma a tsakiyar matani zai ci karo da hashiya da ta fara da sunan Zemah ko da "in ji Meir". Amma haruffa biyu abu ne mai sauƙin faɗuwa a hannun mai juyi na goma, kuma hashiyar gefe takan zame ta shige cikin matani ba tare da kowa ya lura ba. Sakamakon shi ne littafin da sakin layi ɗaya zai ce abu kaza ya faru a mataki kaza, na bayansa ya ce a wani matakin ne. Makarantar Kabbala ta Beit El da ke Ƙudus, musamman a ƙarƙashin Shalom Sharabi, mutumin Yaman da ya rasu a 1777, ta gina ilimi mai zurfi a kan daidaita irin waɗannan wurare, bisa imanin cewa babu karo na gaskiya, kowace magana tana da matakin da take nufi. Sharabi ya kuma hana dogaro da riwayar kowa sai ta Vital. Littafin addu'arsa shi ma da hannu aka yi ta juya shi sama da ƙarni guda, sai a farkon ƙarni na 20 aka fara buga shi.

Hana ɗab'in ya haifar da wasu abubuwan ban mamaki. Tsakanin 1677 da 1684 wani Bajamushe Kirista, Christian Knorr von Rosenroth, ya buga Kabbala Denudata, inda ya fassara sassa na karatun Luria zuwa Latin. Malamin jami'a a Jamus ko Ingila yana iya sayen bayanin tzimtzum a kanti kusan shekara ɗari kafin Bayahuden Polan ya samu Etz Hayyim bugagge da harshensa. A gefen Yahudawa kuwa ƙofar sai ƙara rufuwa take yi, saboda fitinar Shabbetai Zevi, wanda ya yi da'awar shi ne Almasihun da suke jira, jama'a suka bi shi daga Yaman har Amsterdam, sannan a 1666 ya musulunta a fadar sarkin Turkawa. Masu kare shi sun yi amfani da harshen Luria, suka ce ya sauka cikin duhu ne don ya tsamo tartsatsin haske. A 1756 malamai a Brody suka haramta karanta rubuce-rubucen Luria ga wanda bai kai shekara 40 ba. Da aka zo bugawa a Korets, wanda ya tsaya a kan aikin shi ne Ishaƙ Satanow, mutumin da ke cikin 'yan boko masu neman wayar da kan Yahudawa a Berlin, maɗaba'ar kuma ta Kirista ce. Ƙofofi Takwas na Samuel sun jira har rabin ƙarshe na ƙarni na 19.

Akwai rubutun hannun Vital guda da ya bambanta da sauran, kuma shi ne ya fi nuna mutumin. Sefer ha-Hezyonot kundin mafarkai ne da ya tara a Dimashƙu wajen 1610, nasa da na wasu a kansa. An buga wani taƙaitaccen zubinsa da aka tace a 1826, amma cikakkensa sai a 1954 aka fitar da shi a Ƙudus, bisa aikin da Aharon Ze'ev Aescoly ya yi kafin rasuwarsa, daga kwafin hannun marubucin da ya tsira a Livorno. A ciki ana ganin dattijo mai ɗacin rai, wanda jama'ar garinsa ba su ba shi girman da yake ganin ya cancanta ba, yana rikici da wani babban malamin Dimashƙu, yana zuwa wurin masu duba, har da waɗanda ba Yahudawa ba, yana rubuta duk abin da suka faɗa game da ɗaukakar ruhinsa. Ya kawo maganganun da ya ce Luria ya gaya masa, cewa dominsa kaɗai malamin ya zo duniya. Ya kuma amsa cewa a ƙuruciya ya bar karatun Attaura shekara biyu da rabi yana bin ilimin juya ƙarfe ya koma zinariya. Wannan ba ya mayar da shi maƙaryaci, kuma mai rubuta "ina shakka" a gefen maganar malaminsa ya cancanci a yarda da shi a abubuwa da yawa. Amma da'awar cewa shi kaɗai aka ba amana, daga bakinsa muka fi jin ta, kuma shi ne mai cin ribarta. Al'adar da ta biyo baya ta karɓe ta ba tare da ta nemi shaida na biyu ba.

Binciken zamani ya koma kan takardun ne don ya warware abin da Samuel da Poppers suka saƙa. Gershom Scholem na Jami'ar Ibrananci ya buɗe fagen, kuma shi ne ya yanke wa Sarug hukuncin cewa bai taɓa zama almajirin Luria ba, daga kwafe-kwafen da suka fita ya gina nasa. Aikin ya samu sauƙi bayan 1950, da aka kafa cibiyar ɗaukar hoton rubuce-rubucen Ibrananci na hannu daga ɗakunan karatu na duniya, wadda yanzu take cikin Ɗakin Karatu na Ƙasa a Ƙudus, aka kuma ɗora da yawansu a intanet tun 2017 ƙarƙashin shirin Ktiv. Kwafin da ke Oxford da wanda ke Mosko suna iya haɗuwa a teburi ɗaya. Mai bincike yana duba tambarin da ke cikin takarda in an ɗaga ta ga haske don ya san shekarun da aka yi ta, yana gwada hannun da wanda aka tabbatar na Vital ne, yana bin kuskure ɗaya daga kwafi zuwa kwafi har ya gano wanda ya haifi wani. Da irin wannan aiki Ronit Meroz, a kundin digirinta na 1988, ta nuna cewa karatun yana da matakai, Luria kansa yana sauya bayani yana faɗaɗa shi a cikin ɗan zaman da ya yi a Safad. Yosef Avivi ya bi ɗaruruwan kwafe-kwafe ya fitar da Kabbalat ha-Ari, juzu'i uku, a 2008, inda ya jera wane rubutu ya riga wane. In matakan nan gaskiya ne, to da yawa daga cikin wuraren da malaman Beit El suka yi shekaru suna daidaitawa maganganu ne na lokuta daban-daban da mai tsara littafi ya ajiye kafaɗa da kafaɗa. Meroz ta kuma sake buɗe shari'ar Sarug, ta kawo hujjojin cewa mai yiwuwa ya zauna gaban Luria da gaske, kuma abin da ya kai Italiya wani mataki ne na karatun da Vital bai rubuta ba.